Koset ɗin Amarya: Awo Kafin Ado

A shekarar 1851, lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Katsina zuwa Kano, suturar mace a ƙasar Hausa zane ce. Barth ya yi bayanin turkuɗin Kano da yadda fatake ke kai shi ƙasashe masu nisa. Mai sayen irin wannan zane tana duba saƙa da rini ne kawai. Ba ruwanta da awo, domin zane shi ke bin jiki: budurwa ta ɗaura, mai ciki ta ɗaura, mai jego ma ta tamke cikinta da shi.

A wannan shekarar dai, a babban baje kolin da aka yi a Landan, aka ba wata mai ɗinki, Roxey Ann Caplin, lambar yabo saboda koset ɗin da ta tsara bisa ƙirar jikin mace. Koset riga ce mai tauri da ake zuge ta da igiya ta baya don ta tsuke ƙugu. Matan Turai sun fara sa ta tun ƙarni na 16, ana tokare ta da wasu tsinkaye da ake cirowa daga bakin wel, ƙatuwar dabbar teku. Wajen 1828 aka soma sa zoben ƙarfe a ramukan igiyar. Kafin nan, in an ja da ƙarfi yadin ne ke yagewa; bayan nan kuwa, haƙarƙari ne ke ɗaukar nauyin.

Da masana'antu suka shiga ɗinka koset da yawa a kan awo ɗaya, sai aka gane cewa ingancinsa bai wuce dacewarsa da mai shi ba. Kamfanin Spirella, wanda aka kafa a Amurka a 1904, ya gina kasuwarsa kan abu biyu: tsinken ƙarfe murɗaɗɗe mai lanƙwasa ko'ina ba ya karyewa, da mata ƙwararru masu bin gida gida suna auna mai saye kafin a yanka yadi.

Yau koset ya shigo ɗinkin amarenmu, amma ya baro ma'auniyar a baya. Amarya a Batsari ko Safana takan ga hoto a Instagram, ta tura kuɗi ga tela a Katsina ko Kano, ta faɗi awonta ta waya. Rigar takan iso ana gobe kamu, lokacin da babu damar gyara.

Abin da waɗancan ma'aunan suka sani bai tsufa ba. Awon ƙugu kaɗai bai isa ba; sai an haɗa da ƙasan ƙirji, da kwankwaso, da tsawon da ke tsakaninsu a zaune. Koset ɗin da ya yi tsawo yana sukar cinya da hammata, wanda ya gajarta kuma yana turo ciki ta ƙasa. A lanƙwasa tsinken da hannu: na ƙarfe yana komawa yadda yake, na roba mai araha kuwa zafin jiki na tanƙwara shi, ya tsaya a haka. A juya rigar a duba shafinta. Ya kamata ya zama auduga mai ƙarfi da ba ta miƙewa, kowane tsinke yana cikin gidansa, an toshe bakinsa. Idan an ɗaure, giɓin baya ya tafi daidai daga sama har ƙasa. In ya buɗe a wani gefe, ba jikinki aka yanka wa ba.

Gwaji na ƙarshe ba a gaban madubi ake yin sa ba. Ki zauna, ki ja dogon numfashi, ki sunkuya kamar mai ruku'u. Wunin biki yana da tsawo, kuma akwai sallah a cikinsa. Rigar da ta hana ɗaya daga cikin ukun nan, a mayar wa tela tun da sauran kwanaki.