Daga Burmi Zuwa Mai Wurno: Rabin Gidanmu Da Yake Gabas

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin tarihi ya san yadda Daular Usmaniyya ta faɗa hannun Turawa. An ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, kana ran 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a Burmi, can wajen kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu. A nan malami yake rufe littafi, mu kuwa mu haddace ranakun nan uku don jarrabawa. To, mu a gidanmu labarin bai tsaya nan ba, shi ne kuwa dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kakana, mahaifin babana, shi ya fara ba ni wannan labari tun ina firamare. Ya ce da ayarin Sarkin Musulmi ya biyo ta kudancin ƙasar Kano, sai mutane suka yi ta barin gonaki suna bin sa, ga shi kuwa lokacin sharar gona ne. Kakansa, wani malamin ƙauye mai 'yan almajirai, ya shigo gida ya ce da matarsa ta ɗaura kaya. Ita kuwa tana da tsohon ciki. Ta ce ba za ta haihu a bakin hanya ba, in zai tafi Allah ya kiyaye. Ya ɗauki babban ɗansu mai kamar shekara goma ya aza a kan jaki, suka tafi. Cikin damina ta haifi namiji, shi ne uban kakana, wanda har ya bar duniya bai ga fuskar ubansa ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan gardama ta cikin ɗaki ce kurum. Ita ce gardamar da ta raba manyan ƙasar nan a wannan shekara. Sarkin Musulmi da waɗanda suka bi shi, irin su Sarkin Misau Ahmadu, suna ganin ba ya halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin mulkin Nasara, hijira ta wajaba, kuma da ma akwai daɗaɗɗen zance cewa jama'ar Shehu za su yi ƙaura zuwa gabas a ƙarshen zamani. Wannan ra'ayi ne ya cika Waƙar Zuwan Annasara, wadda ake danganta wa shi Attahiru, muke kuma nazarinta a aji. Waziri Buhari kuwa ya zauna a Sakkwato ya yi sulhu, daga baya ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa, watau in kowa ya tafi, wa za a bar wa raunana da masallatai? Mun karanta hujjar Sarki, mun karanta ta Waziri. Amma matan da suka ce ba za su ba, da waɗanda aka tafi da su ba a tambaye su ba, ban taɓa cin karo da sunan ko ɗaya daga cikinsu a takarda ba.

A Burmi an gwabza sau biyu. Cikin watan Mayu mutanen garin suka kori rundunar Turawa. Da suka komo a Yuli da igwa da bindiga mai ruwa, sai aka wuni ana yi, aka kashe Sarkin Musulmi da mutane fiye da 600, su ma Turawa suka rasa shugabansu, Manjo Marsh. Malamin nan na gidanmu yana cikin waɗanda suka kwanta a wurin. Yaron kuwa wani almajirin uban ya ja hannunsa suka shiga cikin waɗanda suka tsira, suka bi ɗan Sarki, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka nausa gabas. Bayan 'yan shekaru a hanya suka sauka bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan, suka kafa gari aka sa masa suna Mai Wurno. Abin mamaki, ko kuwa in ce abin tausayi, Ingilishin da suka guje wa a gida shi suka tarar yana mulki a can. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu na daga cikin waɗanda suka yi ta aikin ƙodago a ciki.

Duk wannan ba a san shi a gida ba sai bayan shekara kusan hamsin. Har an yi wa yaro sadakar mamaci tuni. Ran nan wani alhaji da ya je Makka a ƙasa, ya shekara bakwai a hanya, ya komo da wasiƙa cikin ajami. Yaron nan ne, ya zama dattijo mai jikoki, yana gaida uwarsa, yana tambaya ko abin da ke cikinta ya zo da rai. Ita kuwa ta rasu da shekara biyu. Wasiƙar tana nan cikin gafakar kakana, tawadar ta koɗe, na sha wahala kafin in iya karanta ta. Hausarta irin ta da ce, ba ko kalmar Turanci ɗaya.

Ina yaro, a wurina malamin da ya tafi shi ne gwarzo, matar da ta zauna kuwa har kunyar labarinta nake ji. Wata rana na faɗa wa kakana haka. Ya yi dariya ya ce, "Kai abokina, da ta bi shi, da wa zai haifi uban wanda ya haifi ubanka?" Ban sami amsa ba. Yanzu da na ɗan yi karatu, ina ganin ita ce ta riƙe gona, ta biya harajin da aka ɗora, ta yi renon maraya ita kaɗai, kuma ban yarda cewa nata jihadin ya gaza nasa ba.

Su kuwa na gabas, zama bai taɓa miƙe musu sosai ba. A Sudan ana haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a kira su duka Fallata, sau da yawa kuma da raini ake faɗin sunan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, ka ga ke nan mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru. An sassauta dokar daga baya, amma abin da ke bakin mutane ya fi na takarda wuyar gogewa. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a Jihar Shuɗin Nilu, kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi a ba su sarautar gargajiya tasu. Aka kashe mutane fiye da 100, cikin Oktoba kuma aka sake yin wanda ya fi shi muni. Kalmar da aka yi ta jifan su da ita ita ce baƙi. Mutumin da kakan kakansa yake binne a wurin, shi ne baƙo! Mu kuma nan gida, in ɗayansu ya zo, sai mu ce ga ɗan Sudan, mu yi ta dariyar Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ni kaina na yi.

Kafin kakana ya rasu a 2019, Allah ya haɗa babana da wani jikan dattijon nan a wajen aikin hajji, suka yi musayar lambar waya. Baffa nake ce masa. Yakan aiko da saƙon murya kowace salla, ya ce, "Ɗana, yaya karatu? Ka gaida mutanen gida kaf." Shi ya fara gaya mini cewa har yanzu suna tuƙa tuwo da miyar kuka, kuma tsofaffinsu in sun ce "gida", nan suke nufi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ran 15 ga Afrilu 2023, saƙonni suka fara jinkiri. A ƙarshen Yuni 2024 faɗan ya kai Sinja, babban birnin Jihar Sinnar.

Saƙonsa na ƙarshe ya iso 'yan kwanaki bayan haka. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce sun ɗaure kaya, shi da iyali mutum goma sha ɗaya, kana ya tambaya, cikin 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ko gonar kakansu tana nan, in sun zo ko za a sami wurin da za su kafa bukka. Na kai wa babana wayar ya saurara sau biyu. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce gonar an raba ta gado sau uku, abin da ya rage a hannunmu bai fi a shuka gyaɗa kwano biyu ba, amma in gaya masa su zo. Na aika masa da haka a daren. Har yau da nake wannan rubutu saƙon bai nuna alamar an buɗe shi ba.