Hudar Gawo

Hudar gawo ita ce furen da itacen gawo, wanda masana tsirrai ke kira Faidherbia albida, yake fitarwa a farkon rani. Ƙananan furanni ne masu ƙamshi, farare da sirkin ɗorawa, jere a kan sili ɗaya mai tsawon kamar yatsa, suna lilo daga reshe. A yankin Dakoro na jihar Maradi ana ganinta bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Disamba.

Gawo ya sha bamban da sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, ya tofo idan kaka ta yi. Saboda haka hudarsa na fitowa ne daidai lokacin da ciyawa ta bushe, furanni suka yi ƙaranci a daji. Da hantsi za a ji gunjin ƙudan zuma a kan itacen tun daga nesa, ga malam-buɗe-littafi da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari. Masu kafa amya sun san darajarta.

Bayan wata biyu zuwa uku hudar kan zama 'ya'ya masu lanƙwasa, ja-ja, waɗanda awaki, shanu da raƙuma ke rububi cikin tsananin rani. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo ya girma a gonakin gero, kuma wannan aiki ya cancanci yabo.