Da wane harshe yaro zai fara karatu? Tarihin lakwal ɗin gwamnati a Nijar

 Ƴan'uwa, duk lokacin buɗe makarantu a watan Oktoba, iyaye kan zo mana da tambaya guda bayan salla. Wani ya ce an kai ɗansa ajin farko, sai ya tarar mushe yana koya musu karatu da Hausa, alhali shi Faransanci ya kai shi ya koyo. Wani kuma ya ce ɗiyarsa ta shekara huɗu tana zuwa lakwal, amma har yau ba ta iya karanta takardar magani ba. Waɗannan koke-koke biyu tushensu ɗaya ne, kuma tarihinsu ya haura shekara ɗari. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi shi daga farko.

Kafin zuwan Nasara

Lokacin da sojan Faransa suka ci Damagaram a 1899, sun tarar da mutane masu rubutu da karatu. Makarantun allo suna ko'ina, a Damagaram da Agadas da Sayi da ƙasar Katsina ta Maraɗi. Kuma malamanmu na da suna da tsari bayyananne na koya wa yaro karatun farko. Ana fara masa da babbaƙu, wato baƙaƙe tsuransu ba wasali. In ya riƙe su, a shiga farfaru, a ɗora wasula: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri. Daga nan ya fara haɗa baƙi da wasali har ya iya jan kalma da kansa, kana daga baya ya riƙa rubuta allonsa.

Abin lura a nan shi ne, duk da cewa nassin Larabci ne, malamai sun raɗa wa baƙaƙen sunaye da Hausa, sunayen da ke nuna wa yaro siffarsu: an baki wofi, ɗa mai hannu, lam jaye, min jaye, ba guje. Yaro ɗan shekara biyar ya san baki, ya san hannu, ya san ja. Ta abin da ya sani ake kai shi ga abin da bai sani ba. In ya girma ya shiga makarantar ilimi, Ahalari da Ishmawi da Risala duk da Hausa ake fassara masa su, kalma bayan kalma. Kuma da waɗannan baƙaƙe ne aka yi ajami, aka rubuta wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da lissafin fatauci. Gaskiya ce, yaron allo kan daɗe yana karanta nassin da bai san ma'anarsa ba, wannan kuwa ba a ɓoye yake ba. Amma bayani da gyara da tsawa duk da harshen gidansu yake jin su.

Lakwal ɗin Nasara

Faransa ta ɗauki wata hanya dabam. A 1922 aka mai da Nijar mallakar Faransa mai gwamna nata, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Makarantun da suka buɗe ƴan kaɗan ne, kuma bukatarsu ita ce su sami tafinta da magatakarda da malaman asibiti da za su taya su mulki. Dokar ilimi ta 1924, wadda gwamna janar Jules Carde ya sa wa hannu domin dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makaranta. Taron Brazzaville na 1944, wanda ya sassauta wasu abubuwa na mulkin mallaka, a kan wannan batu bai sassauta ba ko kaɗan.

Dattawan da suka yi lakwal a wancan zamani, har ma da waɗanda suka yi bayan ƴancin kai, suna tuna abin da ake kira sambol. Wani ƙashi ne ko ƙahon dabba ko guntun icce da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar makaranta. Shi kuma sai ya yi ta fakon ɗan'uwansa don ya sauke masa. Wanda yamma ta yi abin yana wuyansa, shi zai sha bulala. To, a haka ake so yaro ya koyi abu biyu a lokaci guda: sabon harshe da bai taɓa ji a gida ba, da kuma dabarar mai da baƙi sauti. Masu kaifin kwanya sun haye, wasu har suka kai makarantar William Ponty a Senegal, irin su Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary. Amma ranar da aka sami ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

A tsallaken iyaka kuwa, Ingilishi sun bi wata hanya. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausar boko ake fara karatu a cikinta. Daga baya aka kafa hukumar fassara da talifi a Zariya, littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito a ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Su ma don amfanin mulkinsu suka yi. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne, an sami littattafan Hausa da jama'a masu karanta su, har fatake suna shigo da su kasuwannin Maraɗi da Damagaram, mu kuwa a nan ba a buga irinsu ba.

Madarasa da makarantun gwaji

Iyaye da yawa sun ƙi lakwal saboda tsoron kada ta raba ɗa da addininsa. Don a jawo su ne aka buɗe madarasa ta farko ta gwamnati a Sayi a 1957, inda ake haɗa Larabci da Faransanci. Daga ita ne makarantun faranko-arab suka yaɗu, kuma a wannan gari ne Jami'ar Musulunci ta buɗe a 1986. Madarasa ta kwantar da hankalin iyaye ƙwarai. Amma ta fuskar karatun farko, mu da ke koyar da Larabci mun fi kowa sanin nauyin da ke kan yaron: harsuna biyu ne baƙi gare shi, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, kuma babu wanda ake yi da shi a gidansu.

A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita yadda za a rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma da baƙaƙen boko, ciki har da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Da farko manya aka fara koya wa da su, a azuzuwan yaƙi da jahilci. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, kusa da makarantar horon malamai, inda yara suka fara karatu da Hausa. Tsarin shi ne, shekarun farko uku harshen gida ne harshen koyarwa, ana shigo da Faransanci sannu-sannu, ta baki tukuna sannan a rubuce. Daga aji huɗu sai Faransanci ya karɓi ragama. A zamanin Janar Seyni Kountché an faɗaɗa gwajin zuwa sauran manyan harsuna huɗu, cibiyar INDRAP kuma ta ɗauki aikin shirya littattafai.

Binciken da ma'aikatar ilimi ta yi daga baya tare da taimakon Jamusawa ya nuna cewa yaran makarantun gwaji sun fi takwarorinsu iya karatu da fahimtar abin da suka karanta, kuma ba su kasance baya a Faransanci ba. Duk da haka makarantun sun shekara fiye da ashirin ana ce musu gwaji, adadinsu bai wuce arba'in da ƴan kai ba a ƙasar gaba ɗaya. Littattafai suka yi ƙaranci, a horar da malami a kan Hausa sannan a tura shi inda ba a jin ta. Manyan ma'aikata kuma ba su kai ƴaƴansu can ba. Talaka yana gani, sai ya ce in da abin kirki ne da su suka fara kai nasu. Wannan zargi har yau bai gushe ba.

Dokoki da sabon tsari

Ranar 1 ga Yuni 1998, a zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, aka fitar da babbar dokar ilimi da ake kira LOSEN. Ta ce harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa. Ta ce a firamare, mai shekara shida, harshen uwa shi ne harshen koyarwa, Faransanci kuma darasi ne tun daga shekarar farko. A 1999 aka tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa na Nijar. A ƙarshen 2001 wata doka ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, Larabci yana cikinsu. A takarda ke nan. A cikin aji kuwa, mafi yawan makarantu sun ci gaba da Faransanci zalla tun ranar farko.

Daga 2003 aka shiga shirin shekara goma na bunƙasa ilimi. An buɗe makarantu birjik, har ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba, kuma wannan alheri ne. Sai dai azuzuwa da yawa na zana ne, ba a kafa su sai an gama girbi, ruwan farko kuma ya tashe su. Malamai mafi yawa ƴan kwantaragi ne, horonsu gajere, albashinsu kaɗan, kuma yakan yi jinkiri. Sakamakon ya fito a gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma: a Nijar, yaran da suka kai ƙarshen firamare da iya karatu gwargwadon yadda ake bukata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2017 da aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kimanin ɗaya cikin uku ne ya sami rabin maki.

Wannan ne ya sa gwamnati ta koma ga abin da aka fara a Damagaram. Wajen 2015 aka soma sabon tsarin karatu a makarantu 500, da harsuna biyar, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa dubbai. Manufarsa yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi a ajin farko da na biyu da harshen da yake ji, sannan a haye da shi zuwa Faransanci. Sai kuma a watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki ne.

Abin da ya rage gare mu

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa dokoki sun daɗe da faɗin abu ɗaya tun 1998. Inda ake tuntuɓe kullum shi ne littafi a hannun yaro, malamin da ya iya rubuta harshen da kansa, da kuma yardar iyaye. Biyu na farko aikin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayarsu a taron kwamitin makaranta: littafi nawa ne a ajin farko, yara nawa ke raba guda, kuma mushen an horar da shi a kan sabon tsarin ko kuwa? Na uku kuwa a hannunmu yake.

Ga mai tsoron cewa Hausa za ta hana ɗansa Faransanci, muna cewa ya dubi yadda shi kansa ya yi karatun allo. Dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonta. Yaron da ya gane cewa b da a suna ba da ba, a cikin kalmar da ya san ma'anarta kamar baba ko baki, zai ɗauki wannan dabara ya shiga da ita kowane harshe. Wanda kuwa aka sa shi maimaita jimlar da bai san me take nufi ba, zai iya haddace allon bango duka, amma a ba shi sabon layi ya tsaya cik. Muna ganin irinsu a madarasa, sun kai aji biyar, in an rufe hoton da ke saman shafi ba su iya fitar da kalmar.

Sa'an nan kada mu manta unguwanninmu ba Hausawa kaɗai ke cikinsu ba. Akwai Zabarmawa da Fulani da Barebari da Buzaye, muna sahu ɗaya da su. Dalilin da ya sa muke so ɗan Bahaushe ya fara da Hausa, shi ne dalilin da ya sa ɗan Bafulatani ya cancanci ya fara da Fulatanci inda hali ya yi. Bai kamata mu da aka rataya wa kakanninmu sambol mu yi wa wani irinsa ba.

Abu na ƙarshe mai sauƙi ne. Kowane uba ko uwa, ko da bai yi lakwal ba, ya ce wa yaronsa na aji biyu ya karanta masa layi uku da dare, sannan ya tambaye shi me layin ya ce. In da Hausa ne, za ka gane da kunnenka ko karatu yake ko hadda. In ka ga shekara ta biyu za ta ƙare bai iya ba, kada ka jira sai ya kai ajin jarrabawa. Je ka ga mushensa cikin mutunci, ko ka zo mu haɗa shi da ɗaya daga cikin matasan masallaci da ke taimaka wa yara tsakanin magariba da isha'i. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan malamanmu na allo da na lakwal da suka riga mu gidan gaskiya, Ya buɗa wa ƴaƴanmu ƙwaƙwalwa, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.