Haidirojin, Itanol da CNG: Makamashin da ke Neman Maye Gurbin Fetur, Daga Filin Tsere Zuwa Sabo ta Ibadan

Unguwar Sabo da ke kusa da Mokola a birnin Ibadan ta kafu ne a shekarar 1916, kuma tun daga lokacin abincin mutanenta a kan hanya yake: goro ya haura Arewa, shanu su gangaro Kudu. Don haka ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, Sabo na cikin wuraren da maganar ta fi taɓawa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Ɗan acaɓa, da mai keke, da direban ƙaramar tasin nan Micra da ta cika titunan Ibadan, duk suka shiga tambaya ɗaya: shin akwai abin da inji zai sha in ba fetur ba?

Akwai, har da yawa. Abin lura shi ne galibinsu an gwada ƙarfinsu ne a motocin tsere, inda ake azabtar da inji fiye da yadda kowace hanya za ta yi masa.

Haidirojin

Haidirojin ita ce iska mafi rashin nauyi a duniya, kuma tana ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka zama ruwa. Idan ta ƙone, tururin ruwa ne mafi yawan abin da ke fita ta salansa. Kilo ɗaya nata na ɗauke da ƙarfin da ya kai na fetur kusan lita huɗu.

Hanya biyu ake bi wajen tafiyar da mota da ita. Ta farko, a haɗa ta da iskar oksijin cikin wata na'ura da ke samar da lantarki, lantarkin ya juya ƙafafun motar. Haka Toyota Mirai, wadda ta fito a 2014, da Hyundai Nexo ta 2018 suke aiki. Ta biyu, a ƙona ta kai tsaye cikin inji mai fistin da fulogi irin wanda kowane bakanike ya sani. Wannan ce masu son mota mai gudu suka fi ƙauna, domin injin na riƙe da rurinsa. A watan Mayun 2021 kamfanin Toyota ya shigar da Corolla mai ƙona haidirojin gasar awa 24 a filin tseren Fuji na ƙasar Japan, shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, yana cikin direbobinta. Motar ta kammala gasar, amma sai da ta tsaya shan iska sau 35.

A wannan adadi matsalar take. Haidirojin na da ƙarfi idan aka auna ta da nauyi, amma tana cin wuri ƙwarai. Kafin a cusa kilo biyar a mota, sai an matse ta da matsin da ya ninka na tayar mota wajen sau 300, cikin tukwane masu tsada. In kuwa za a mayar da ita ruwa, sai an sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. Kamfanin BMW ya gwada hakan a 2006 da motarsa Hydrogen 7, wadda ya ƙera guda ɗari kacal. Idan aka ajiye motar ba a tuƙa ba, man yakan riƙa zama iska yana sulalewa, har tankin ya kusa ƙarewa cikin mako biyu. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fi ko'ina a ƙasar gidajen sayar da ita, kamfanin Shell ya rufe nasa na ƙananan motoci a farkon 2024.

Sannan ba a cika faɗa ba cewa kusan duk haidirojin da ake amfani da ita yau daga iskar gas da kwal ake tace ta, aikin da shi kansa ke fitar da hayaƙi. Wadda ake warewa daga ruwa da lantarkin hasken rana ko na iska kaɗan ce, kuma ta fi tsada. Wani abin sha'awa a nan yankinmu: a ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali, masu haƙa rijiya sun ci karo da haidirojin tana fitowa daga ƙasa a 1987, kuma daga 2012 aka soma kunna janareto da ita don ba ƙauyen wuta.

Giyar inji da fetur na haɗi

Itanol da metanol dangin barasa ne, kuma sun daɗe a filin tsere. Bayan mummunan haɗarin gobara a gasar Indianapolis 500 ta 1964, wanda ya kashe direbobi biyu, masu gasar sun karkata ga metanol, domin ruwa na kashe wutarsa, ko da yake harshen wutar ba ya ganuwa da rana. Daga baya suka koma itanol. Dukansu suna jure matsi a inji fiye da fetur, shi ya sa ake samun ƙarfi da su, sai dai litar itanol ba ta kai ta fetur nisa ba da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Brazil ce ta fitar da itanol daga wasa zuwa rayuwar yau da kullum, da shirin da ta ƙaddamar a 1975 na tace shi daga rake. Tun 2003 ake sayar da motoci a can masu shan fetur ko itanol ko gaurayensu. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noman rogo, kuma cibiyar binciken noma ta IITA ke nan Ibadan tun 1967, ta fitar da manufar gauraya itanol kashi 10 cikin ɗari a fetur a 2007. Manufar ba ta yi nisa ba. Darasin da direbobi suka fi tunawa ma mai ɗaci ne: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, ya lalata injuna, ya jawo dogayen layuka. Man da ya dace da injin da aka ƙera dominsa guba ne ga wanda ba a ƙera ba.

Akwai kuma fetur na haɗi, wanda ake yi da haidirojin da iskar kabon. Kamfanin Porsche na cikin waɗanda suka buɗe masana'antar gwajinsa kusa da Punta Arenas a ƙasar Chile a Disambar 2022, gasar Formula 1 kuma ta tsayar da 2026 a matsayin shekarar daina amfani da man da aka tace daga ɗanyen mai. Kowane inji zai iya shansa ba tare da gyara ba, amma farashinsa na masu tsere ne.

Abin da ya iso Ibadan

Wanda ya sauka a titin Najeriya da gaske shi ne CNG, wato iskar gas da aka matse. Ƙasar na da ajiyar gas da ta haura ƙafa kubik tiriliyan 200, kuma a 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin shugaban ƙasa na CNG don sauya motoci, musamman na haya. Ba a cire injin. Ana ƙara tukunya a but, da bututu, da na'urar rage matsi, da makunnin da direba zai koma fetur idan gas ya ƙare. Kuɗin tafiya na raguwa sosai, amma but ɗin ya tafi, motar ta ƙara nauyi, kuma takan ɗan rage ja a hawa, abin da mai tuƙi a tuddan Ibadan zai lura da shi.

Tukunyar CNG ba irin ta girki ba ce, domin matsin da ke cikinta ya ninka na ta girki fiye da sau ashirin. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka ce tukunyar ƙirar gida ce marar inganci. Duk wanda zai sauya motarsa, wajibi ne ya je cibiyar da aka amince da ita.

Ga ɗan tasin da ke zagaye tsakanin Mokola, Dugbe da Ojoo, lissafin na iya fita matuƙar gidan gas na kusa kuma layi bai cinye masa yini ba. Ga mai dakon Arewa kuwa maganar daban ce. Tsakanin Ibadan da Kano akwai kusan kilomita 1,000, ta Ilorin da Jebba da Mokwa, kuma gidajen CNG sun fi taruwa a Kudu da Abuja. Manyan kamfanoni irin su Dangote, wanda ya sanar da sayen tankokin CNG 4,000 a 2025, suna iya gina wa kansu wurin shan gas. Mai tirela ɗaya da ke ɗaukar shanu zuwa Akinyele ba zai iya ba. Shi idonsa na kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020.