KDE: Gidan da Aka Gina a Filin Wani

A shekarar 1996, duk wanda ya ɗora Linux a kwamfutarsa ya samu babbar manhaja mai ƙarfi wadda ba ya biyan ko sisi a kanta, amma sai ya haƙura da muninta. Kowace manhaja da irin kamanninta, kowace da inda ta ga dama ta ajiye maɓallanta. Abin da ka koya wajen buɗe fayil a wannan ba zai yi maka amfani a waccan ba, kuma yawancin aiki sai ka rubuta umarni da hannu a kan baƙin allo. A lokacin Windows 95 ta shekara guda a kasuwa, mutane sun fara sabawa da danna linzami su ga abu ya buɗe. Manyan kamfanonin Unix, babbar manhajar da Linux ta kwaikwaya, irin su HP da IBM da Sun, suna da tasu fuskar da ake kira CDE, sai dai ta kuɗi ce, kuma a kulle take.

Matthias Ettrich ɗalibi ne a Jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus, an kuma riga an san shi da wata manhajar rubutu mai suna LyX. Ranar 14 ga Oktoba 1996 ya fitar da sanarwa yana neman masu rubuta manhaja su zo a haɗa hannu. Abin da yake so a gina shi ne fuskar kwamfuta cikakkiya: tagogi, sandar da ke ƙasan allo, wurin duba fayiloli, wurin saituna, manhajar wasiƙu, har da 'yan wasanni, dukansu da kama ɗaya da ɗabi'a ɗaya, yadda wanda bai san komai game da Unix ba zai zauna ya yi aikinsa. Ya raɗa wa aikin suna KDE, yana tsokanar CDE. Mutane suka amsa, mafi yawansu ɗalibai da matasan ma'aikata a Jamus da maƙwabtanta, masu yin rubutun bayan an tashi daga aiki.

A cikin sanarwar nan akwai shawara guda da ta biyo KDE har yau. Ettrich ya ce a yi ginin da Qt. Qt tarin kayan haɗa manhaja ne da aka riga aka ƙera, wato maɓallai da tagogi da jerin zaɓi da sauransu, don kada kowa ya fara daga tushe. Wasu 'yan Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su suka rubuta shi, kamfaninsu Trolltech da ke Oslo ya fito da shi a 1995. Ta fuskar inganci babu gardama, Qt ya yi wa na zamaninsa nisa, shi ya sa aikin KDE ya yi sauri. Matsalar lasisi ce. Kamfanin ya yarda a yi amfani da Qt kyauta wajen rubuta manhaja mai 'yanci, ya bari a karanta asalin rubutunsa, amma bai yarda wani ya gyara shi ya raba wa jama'a gyararren ba. Tamkar dai ka gina gida a filin da mai shi ya ce ka zauna kyauta, ba tare da ya ba ka takarda ba.

Mutanen GNU, almajiran Richard Stallman masu rajin manhaja mai 'yanci, suka ce ba da su ba. A ganinsu fuskar da ta dogara da abin da ba shi da 'yanci ita ma ba ta da shi, kome kyanta. A Agustan 1997 wasu matasa biyu 'yan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka kafa GNOME a kan GTK, kayan haɗin da aka ciro daga manhajar gyaran hoto ta GIMP. Wasu kuma suka fara wani aiki mai suna Harmony, don su sake rubuta Qt daga farko. Kamfanin Red Hat ya ƙi sa KDE a cikin Linux ɗinsa da farko, ya ɗauki ma'aikata suna taya GNOME. Debian, ita ma mai haɗa Linux, ta cire KDE daga rumbunta a 1998. Wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya ga kasuwa a wannan rigima: ya ɗauki Red Hat ya ɗora mata KDE, ya kira ta Mandrake, ta kuwa karɓu. SuSE ta Jamus ita ma ta tsaya wa 'yan gida.

Amsar da 'yan KDE suka bayar ba ta cacar baki ba ce kawai, kuma ina ganin nan ne wuri mafi muhimmanci a tarihinsu, ko da yake ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. A Agustan 1997 suka yi taronsu na farko ido da ido a garin Arnsberg. Kafin shekarar ta ƙare suka yi rajistar ƙungiya mai suna KDE e.V. a Tubingen, wadda za ta iya riƙe kuɗi, ta mallaki sunan, ta kuma sa hannu a yarjejeniya. A 1998 ƙungiyar ta zauna da Trolltech suka kafa gidauniyar KDE Free Qt. Sharaɗin gidauniyar gajere ne amma yana da haƙora: idan kamfanin ya yi wata goma sha biyu bai fitar da Qt na kyauta ba, ko da saboda an saye shi ne ko ya karye, gidauniyar na da ikon sakin Qt ƙarƙashin lasisi irin na BSD, wanda ke ba kowa damar ɗauka ya yi yadda ya so, har da masu gasa da kamfanin. Kwamitinta mutum huɗu ne, biyu daga kowane ɓangare, idan kuma ƙuri'a ta yi kunnen doki, ɓangaren KDE ke raba gardama. Yarjejeniyar tana bin Qt duk hannun da ya koma.

KDE 1.0 ta fito ranar 12 ga Yulin 1998, a shekarar da Ettrich kansa ya koma Oslo ya kama aiki da Trolltech. Kamfanin ya sassauta lasisi a 1999, sannan a Satumbar 2000 ya saki Qt 2.2 ƙarƙashin GPL, lasisin da Stallman ya rubuta. Rigimar ta mutu a takarda, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. GNOME ta tsaya da ƙafafunta, Sun da HP sun bayyana goyon bayansu gare ta a wannan shekarar, kuma da Ubuntu ta zo a 2004 ta zama ƙofar da yawancin sababbi ke bi su shiga Linux, GNOME ta ɗauka. Wannan shi ne kuɗin da KDE ta biya a kan zaɓin 1996, ta kuma daɗe tana biya.

Zubin KDE na biyu, wanda ya fito ranar 23 ga Oktoba 2000, kusan sabon gini ne. An ɓata lokaci ana ƙoƙarin sa manhajojin su riƙa magana da juna ta wata fasaha mai nauyi da ake kira CORBA, aka ga tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta tana jan ƙafa, aka yar da ita a 1999, Ettrich da Preston Brown suka rubuta ƙaramar madadi mai suna DCOP. A wannan zubin ne aka samu KIO, wanda ke sa fayil ɗin da ke wata kwamfuta a wata ƙasa ya buɗe kamar yana cikin taka, aka kuma samu Konqueror, manhaja ɗaya da ke duba fayiloli ta kuma shiga intanet.

Injin da ke cikin Konqueror yana karanta shafukan intanet ana kiransa KHTML, Lars Knoll ne ya yi masa babban garambawul a 1999. Ƙarami ne, rubutunsa tsaf. Da kamfanin Apple ya so yin burauzarsa, sai ya tsallake injin Mozilla da kowa ke tsammani ya ɗauki wannan. A Janairun 2003 Steve Jobs ya hau dandamali ya nuna Safari, sai a ranar 'yan KDE suka samu wasiƙa daga injiniyoyin Apple cewa aikinsu ne ke ciki. Murna ta zo, ɓacin rai ya biyo baya, domin Apple na mayar da gyare-gyarensa ne a dunƙule, tuli guda, yadda 'yan sa-kai ba za su iya tsefewa su mayar cikin nasu ba. Bayan ƙorafi ya yi yawa, a Yunin 2005 Apple ya buɗe nasa reshen ga kowa da sunan WebKit. Google ya gina Chrome a kan WebKit a 2008, ya ɓalle da nasa reshen, Blink, a 2013. Opera ta bi, Microsoft ma ya jingine injinsa ya mayar da Edge kan wannan tushe a 2020. Ma'ana, mai iPhone da mai Tecno ko Infinix da ke buɗe Chrome a Kano ko Damagaram, jikokin KHTML ne ke zana musu shafi. Har yau idan burauzar ta gabatar da kanta ga wani shafi, sunan KHTML na cikin layin da take aikawa. Shi kuwa kakan, KDE ta daina kula da shi ta yi masa ritaya. Ban ga wani aikin 'yan sa-kai da ya yi irin wannan yaɗuwa ba alhali masu shi ba su ci ribar ko kwabo ba.

Shekarun KDE 3, daga Afrilun 2002 zuwa 3.5 a ƙarshen 2005, shekarun kwanciyar hankali ne. Taron shekara-shekara ya samu suna Akademy a 2004. Hukumar birnin Munich ta mayar da kwamfutocinta kusan 15,000 kan Linux mai fuskar KDE, kafin majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017.

Sai ranar 11 ga Janairun 2008. KDE 4.0 ta fito da komai sabo: Qt 4, sabuwar fuska mai suna Plasma, sabon zane mai suna Oxygen, Dolphin a madadin Konqueror wajen fayiloli, Okular wajen karanta takardu. An yi bikin ƙaddamarwa a hedikwatar Google da ke Kalifoniya. Abin da ya iso hannun jama'a kuwa ɗanye ne. Fuskar na faɗuwa, saitunan da aka saba da su sun ɓace, ko ajiye fayil a kan allo yadda aka saba ya zama aiki. Masu ginin sun ce ai sun faɗa cewa wannan na masu rubuta manhaja ne, don su fara gwaji. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Duk wanda ya rubuta 4.0 a jikin kaya ya kuma yi biki, ya gaya wa duniya cewa kaya sun nuna. Masu haɗa Linux ma da nasu laifin, Fedora 9 ta miƙa wa masu amfani da ita sabon zubin cikin 'yan watanni ba tare da barin tsohuwar fuskar ba. Linus Torvalds, mai Linux ɗin kansa, wanda a baya yake ce wa mutane su yi amfani da KDE, ya tattara ya koma GNOME. Sai a zubi na 4.2, a Janairun 2009, abin ya fara zama na kowa, a 2010 kuma Timothy Pearson ya ɗauki tsohuwar 3.5 ya ci gaba da raya ta da sunan Trinity don waɗanda suka ƙi yafewa.

Ana cikin wannan ne filin ya fara sauya hannu. Nokia ta Finland ta sayi Trolltech a 2008, ta ƙara sassauta lasisi zuwa LGPL a 2009. Da Nokia ta rungumi wayoyin Windows a 2011, Qt ya zame mata kaya, ta sayar wa Digia kashi-kashi a 2011 da 2012, daga baya aka ware shi ya zama kamfani mai zaman kansa, The Qt Company. Manhajoji da yawa sun mutu a irin wannan saye da sayarwa. Qt bai mutu ba, kuma kowane sabon mai shi ya tarar da takardar 1998 na jiransa.

A Nuwambar 2009 ƙungiyar ta yanke cewa KDE sunan jama'ar ne, fuskar kuma Plasma. A 2014 aka raba kayan gida uku, ginshiƙai daban, Plasma daban, manhajoji daban, kowanne da lokacin fitowarsa. Wannan ya buɗe ƙofa ga ayyukan da ba ruwansu da fuskar Linux. Masu zane da yawa na amfani da Krita a Windows ba su san ta KDE ba ce, haka Kdenlive ta tace bidiyo, da GCompris ta koyar da yara, da KDE Connect mai haɗa waya da kwamfuta. Plasma 5 ta fito a Yulin 2014, aka shafe shekara kusan goma ana goge ta a hankali.

A 2020 an sake gwada yarjejeniyar. The Qt Company ya sanar cewa zubin Qt mai dogon tallafi zai zama na masu biya kaɗai, sannan wakilin KDE a gidauniyar ya fallasa cewa kamfanin na tunanin riƙe kowane sabon zubi wata goma sha biyu kafin ya saki na kyauta, wato daidai iyakar da takardar ta yarda. Hayaniya ta tashi, aka fara maganar ɓallewa da Qt, wannan shiri na biyu bai tabbata ba. Na farkon kuwa ya tabbata, don haka daga 2021 'yan KDE suka riƙa tara nasu gyare-gyaren Qt 5.15 suna raba wa masu haɗa Linux. Takardar ta hana a kore su, amma ba ta tilasta wa mai fili ya yi musu fara'a ba.

Masu amfani da Plasma da yawa a 'yan shekarun nan ta wata ƙofa suka shigo. Kamfanin Valve ya fitar da na'urar wasa ta hannu, Steam Deck, a Fabrairun 2022, kuma duk wanda ya fita daga wasa ya koma ɓangaren kwamfuta, Plasma yake gani. Valve na biyan wasu masu rubutun KDE ta hanyar kwangila, kamar yadda kamfanin Blue Systems na Jamus ya daɗe yana yi. Ranar 28 ga Fabrairun 2024 Plasma 6 ta fito a kan Qt 6, ta kuma mayar da Wayland tsarin nuni na farko a madadin tsohon X11. Sauyin babba ne a ƙarƙashi, amma a ido kusan ba a taɓa komai ba, da gangan. A Afrilun 2025 Fedora, wadda Red Hat ke ɗaukar nauyinta, ta ɗaga Plasma zuwa matsayi ɗaya da GNOME a jerin manyan zubinta.

Ita kuwa KDE e.V., wadda yanzu ofishinta ke Balin, har yau ƙaramar ƙungiya ce mai ma'aikata da 'yan kwangila kaɗan, kuɗinta na fitowa daga kamfanoni masu tallafi irin su Google da Canonical da SUSE da kuma aljihun mutane. Daga Disambar 2024 Plasma ta fara nuna wa mai amfani da ita ɗan saƙon neman gudummawa sau ɗaya a shekara, da maɓallin kashe shi gaba ɗaya ga wanda ba ya so.