Kusheyin Durbi Da Makabartun Rumawa: Yadda A Ke Karanta Ƙasa

Duk yaron da ya taɓa bin garmar shanu a gonakin Funtua, ko Malumfashi, ko Bakori, ya san ba ƙasa kaɗai garma ta ke juyawa ba. Wani lokaci sai ka ga ta tono tsingaro, ko dutsen niƙa, ko kashin maƙera, a wurin da ko kakanka bai taɓa jin an ce an yi gari ba. Galibi sai a sa ƙafa a shure, a ci gaba da huɗar auduga. To, 'yan makaranta, yau so mu ke mu nuna muku abin nan da a ke shurewa rubutu ne, akwai kuwa masu iya karanta shi. A cikin irin wannan rubutu babu shafin da ya kai kushewa yawan labari, don kowace al'umma ta kan binne mamacinta bisa ga abin da ta yi imani da shi.

Bari mu fara da misali daga nesa, sa'an nan mu komo gida. A shekarar 43 ta Miladiyya Rumawa suka ci ƙasar da a ke kira Ingila yanzu, suka mallake ta har wajen shekarar 410. A farkon mulkinsu yawancin mutane ba su binne gawa yadda mu ke yi. Sai a tara itace, a ɗora mamaci bisa, a sa wuta. In ta mutu sai a tsince ƙasusuwan da suka rage, a zuba cikin tukunya, a binne a bayan gari, bakin hanya, don dokarsu ta hana binne mutum cikin birni. Abin da ban ƙyama a gare mu, amma kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Su ma daga baya suka bar wannan al'ada, suka koma binne gawa ɗungum.

Kai ka ce wuta ta cinye labarin mutanen nan duka. Ashe ba haka ba ne. A wani wuri wai shi Brougham, can arewacin Ingila, za a yi hanyar mota a 1966 da 1967, aka tarad da makabarta kusa da wani tsohon sansanin sojan Rumawa. Aka yi ta tono cikin gaggawa, amma aka adana abin da aka kwashe, aka rubuta ramin da kowace tukunya ta fito. Kayan nan suka daɗe a ajiye, sa'an nan masana suka zauna kansu, suka buga sakamakon a 2004. Daga guntayen ƙashi suka rarrabe yaro da babba, mace da namiji. Suka gane kayan da a ke binne yara da su dabam ne da na manya. Har suka gano mata biyu waɗanda aka ƙone su tare da dawaki da kayan soja, cikin ƙarni na 3. Ku lura, ba tukwanen ne kaɗai suka ba da labarin nan ba. Abin da ya sa aka iya karanta su shi ne an san inda kowace ta fito, da abin da ke tare da ita.

To, mu komo ƙasar Katsina. Kun san Galadima, hakimin Malumfashi, yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. A cikinsu kuma akwai Durbi, hakimin Mani. A ƙasar Mani ɗin nan, wajen mil 20 gabas da birnin Katsina, akwai waɗansu tuddai da a ke kira Durɓi Takusheyi. Ba tuddan Allah ba ne, hannu ya tara su. Labarin da aka gada wajen kakanni ya ce nan ne kusheyin Durɓawa, watau gidan sarautar farko na Katsina, tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau ya karɓe sarauta daga hannunsa. Amma labarin baka, kowa ya sani, in ya daɗe yana yawo ya kan yi rassa. Ina shaida?

A 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wani Bature mai mulki, H. R. Palmer, wanda daga baya ya riƙe Jihar Arewa duka, ya sa aka tona waɗansu daga cikin tuddan. An sami tukwane da kayan ƙarfe. Amma kayan sun salwanta, bayanin da aka rubuta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ga abin baƙin ciki: kushewa ba ta tonuwa sau biyu. Littafi ne wanda in ka karanta shafi sai ya yage, saboda haka in ba ka kwafe shi ba sa'ad da ka ke karantawa, ya tafi ke nan har abada.

Bayan shekara 85, watau a 1992, waɗansu masana daga Jamus tare da ma'aikatan gidajen tarihi na Nijeriya suka tona tuddai 3. Su kam ba su yi garaje ba. Maimakon su tsince kayan ɗaya ɗaya, sai suka yanko ƙasar gaba ɗaya da abin da ke cikinta, aka ajiye a Katsina. A 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus, aka yi ta bambare ƙasar sannu sannu, aka gyara kayan, aka nuna wa jama'a a 2011, aka komo da su Nijeriya a 2014.

Me aka samu? Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, ba a ƙone shi ba, an binne shi da adonsa. Akwai mundaye na hauren giwa da na ƙarfe, da 'yan kunne na zinariya, da duwatsun ado na ƙarau, da wuri, da ɓurɓushin tufafi, da tasoshin ƙarfe. Aka auna shekarunsu da wata dabara da aka gano kafin 1950. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari wanda, in abin ya mutu, ya kan riƙa raguwa da ƙa'ida, rabinsa ya kan ƙare cikin shekara wajen 5,730. In aka auna saura nawa, sai a san tun yaushe abin ya mutu. Awon ya nuna kusheyin nan sun kama daga wajen ƙarni na 14 zuwa na 16.

Yanzu ku yi tunani kan kayan nan. Wuri ba ya tsirowa a ƙasar Hausa, ƙwaryar wata 'yar dabbar ruwa ce ta Tekun Indiya. A cikin tasoshin akwai wadda aka ƙera can ƙasashen Musulmi na gabas. Ashe tun wancan zamani, kafin wani Bature ya taka ƙasar nan, fatake suna ratso hamada da haja har su sauke ta a ƙofar sarakunan Katsina, sarakunan kuwa suna da abin saye. Wani abu kuma, Musulmi likkafani kaɗai a ke sa masa, ba a binne shi da zinariya. Saboda haka kusheyin nan suna nuna mana wani zamani da kayan ƙasashen Musulmi suka riga suka iso fada, amma a wajen jana'iza al'adar kakanni ba ta saki ba tukuna. Labarin baka ya ce sarakuna ne a nan, ƙasa ta ce lalle manya ne masu dukiya. Sunayensu dai ba ta faɗa ba.

To, ina ruwan ɗan makarantar Funtua da wannan? Kudancin Katsina ma tsohuwar ƙasa ce. Maska da Gozaki garuruwa ne tun kafin jihadin 1804, ga kufai birjik, waɗansu yau masara ce a kansu. Wata rana garmar gidanku za ta ci karo da tukunya a kife, ko ƙasusuwa da mundaye. Ran nan kada a fasa don neman zinariya, kada a sayar wa baƙon da ya zo da kuɗi a hannu, don munduwar da aka raba da raminta ta zama ƙarfe kawai. Mamaci kuma, ko wane addini ya bi, yana da alfarma. A mai da ƙasa a rufe, a sa alama, a gaya wa mai unguwa ya kai maganar wurin hakimi, a sanad da gidan tarihi na Katsina. Kai kuwa da ka iya boko, ɗauko alƙalami ka rubuta ranar, da gonar, da zurfin wurin, da abin da ka gani da idonka. Wannan aiki bai fi ƙarfinka ba, ga shi kuwa shi ne aka kasa cikawa a 1907.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da na baya suka bar mana, amin.