Montmartre, Tudun Masu Zane

Kafin 1860, Montmartre ƙauye ne a bayan ganuwar birnin Paris, cike da gonakin inabi. Arahar haya ce ta jawo masu zane can. A 1904 Picasso ya tare a Bateau-Lavoir, wani tsohon gidan katako mai famfo ɗaya tal, inda sanyin hunturu ke gallaza wa mazauna. A nan ya zana Les Demoiselles d'Avignon a 1907.

Da na tsaya a ƙofar gidan, zuciyata ta sosu, domin gobara ta cinye ginin asali a 1970. Yau haya a tudun ta fi ƙarfin talakan mai zane. In ka je, fara da gidan nan kafin ka hau zuwa cocin Sacré-Cœur.